A Yi Lissafi Kafin A Sayi Kayan Sola

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, masu gidajen gona da ƙananan shaguna a wuraren da wayar lantarki ba ta kai ba suka raja'a kan wutar sola, domin ciyar da janareto ya zama aiki ja. Wannan abin yabawa ne. Sai dai abin takaici, da dama sukan tafi kasuwa da kuɗi a aljihu ba tare da lissafi a takarda ba, dillali ya haɗa musu abin da ya ga dama, bayan 'yan watanni batir ya mutu, su ce sola yaudara ce. A ganinmu laifin ba na rana ba ne.

Lissafin kuwa ba shi da wuya. Kowace na'ura an rubuta mata ƙarfin wat ɗin da take ja, sai a ninka shi da awoyin da take aiki a yini. A ɗauki misalin ɗan ƙaramin gida a gona. Ƙwan fitila 6 masu wat 10, awa 5, sun ci wat-awa 300. Fanka 2 masu wat 60, awa 8, 960. Talabijin mai wat 60, awa 4, 240. A ware wa ƙaramin firij 1,000, cajin wayoyi 100. Jimla 2,600 a kullum. Sai a ƙara kashi 30 cikin 100 saboda wutar da ke salwanta a waya da batir da inbata, ya zama kusan 3,400.

Daga nan sai a raba da awoyin da rana ke bugawa sosai. A Sakkwato ko Maiduguri ana iya ɗora lissafi a kan awa 5, wato wat 680, faifan sola 2 masu wat 400 sun wadatar. Amma ɗan kasuwar da ke Legas ko Fatakwal, inda hadari ke yawan rufe sama, gara ya raba da 4, wato wat 850, ya sayi faifai 3. A kuma riƙa goge ƙurar hunturu daga kan faifan.

Batir ne inda jari ya fi nutsewa. Na dalma mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400, amma rabi kaɗai ya kamata a sha in ana so ya yi ƙarko. Ke nan guda 2 sun kusa riƙe gidan nan yini ɗaya, guda 4 kuwa za su raka shi ranar da aka wuni ana ruwa. Na litiyam ya fi tsada, amma ana iya shan kashi 80 nasa. Inbata kuma a saye ta da rara, domin firij yana fizgar wuta ninki-ninki a lokacin tashi. Dutsen guga mai wat 1,000 kuwa, a bar wa na gawayi aikinsa.

Don haka muna kira ga masu saye da kada su biya ko kwabo sai dillali ya ba su wannan lissafi a rubuce, tare da takardar garanti. Ita ma Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa ya kamata ta ƙara sa ido kan faifan da ba sa ba da ƙarfin da aka rubuta a jikinsu. Masu iya magana dai sun ce araha ba ta ado.