KAFIN A ƊAURA AURE, A AUNA JINI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa Muhammadu (S.A.W) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Ya 'yan'uwana matasa, duk wanda ya zauna a gaban malamin Islamiyya ya san hadisin Nu'umanu ɗan Bashir (R.A), na shida a cikin Arba'una ta Imam Nawawi, wanda ya nuna cewa gyaruwar jiki da ɓacinsa sun rataya ne a kan wata tsoka guda, wato zuciya. Malamai sun yi bayanin cewa ana nufin gyaruwar imani da niyya, kuma haka abin yake. To, sai dai ita wannan tsokar tana da wani aiki da ido ke iya gani: tana bugawa kimanin sau 100,000 a kowace rana tana tura jini ko'ina a jiki, ba ta hutun Juma'a, ba ta hutun Sallah. A yau ina so in yi magana a kan haƙƙinta a lokacin da aka fi danne shi, wato lokacin shirin biki. Ra'ayina a taƙaice shi ne, awon hawan jini ya cancanci shiga jerin abubuwan da ake yi kafin aure, kuma rage nauyin biki wani ɓangare ne na kula da lafiya kamar yadda yake koyi ne da Sunna.

Alhamdu lillahi, mun ci gaba ta fuskar gwajin kafin aure. A shekarar 2024 gwamnatin jihar Kano ta sanya hannu a kan dokar da ta wajabta wa masu shirin aure gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da kuma gwajin jinin da ke nuna haɗarin haifar 'ya'ya masu sikila. Wannan abu ne mai kyau ƙwarai. Amma saurayi da budurwa za su je asibiti a ɗebi jininsu, su karɓi takarda su fito, na'urar awon hawan jini tana ajiye a kan teburin da ke gefensu, babu wanda ya ce a ɗaura masa ita a dantse, alhali aikin bai wuce minti biyar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun yi ajalin mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019, babu wata cuta da ta kai su kisa, kuma kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba, domin yawanci ba ya sallama idan zai shigo. Lafiyayyen awo shi ne wanda ke ƙasa da 120/80. Idan kuwa aka auna a ranaku biyu mabambanta aka samu 140/90 ko sama da haka, to, magana ta koma hannun likita.

Mu dubi halin da ango yake shiga watanni uku kafin ɗaurin aure. Ga lefe, ga sadaki, ga kuɗin haya da fenti, ga kuɗin zauren dina, ga bashin da ya ci a wajen aboki da wanda ya ci a wajen aiki. Dare ya raba yana lissafi, barcin da ya kamata ya kai awa 7 ya koma awa 4, da rana kuma ya cike giɓin da lemun gwangwani mai ƙara kuzari wanda ke cike da sinadarin kafeyin da sukari, wani ma har da shisha a majalisa da sunan rage damuwa. Idan damuwa ta kama mutum, jikinsa yana sakin wasu sinadarai da ke sa zuciya saurin bugawa, jijiyoyi su tsuke, jini ya hau. Na ɗan lokaci ba ya zama illa ga mai lafiya, amma idan aka jera watanni a haka, ga rashin barci, ga hayaƙi, ga cin abin da aka samu a tsaye, to, an buɗe wa cuta ƙofa.

Akwai kuma abin da ake jin nauyin faɗa, amma babu kunya a cikin neman sani. Abokai sukan kawo wa ango magungunan ƙarfin maza daga hannun masu talla, kuma an sha gano cewa wasu daga cikin waɗanda ake kira na gargajiya an cakuɗa su da maganin asibiti ba tare da an rubuta ba. Irin wannan maganin idan ya haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya, jini yana iya faɗuwa warwas nan take. Ita ma amarya ba ta tsira ba: ana ɗura mata ƙwayoyin sa ƙiba domin ta cika ido ranar kamu, alhali daga cikinsu akwai irin su dexamethasone, waɗanda ke tara ruwa a jiki, su ɗaga jini, su ɗaga sukari. Abin da ake gani kamar ƙiba a fuskarta, sau da yawa kumburi ne. Ya 'yar'uwata, shekara guda bayan biki mai yiwuwa kina ɗauke da juna biyu, kuma hawan jinin da ba a san da shi ba yana daga cikin abubuwan da ke kai mai ciki ga jijjiga. Bugu da ƙari, binciken likitoci a Zariya da Sakkwato da Kano ya nuna cewa arewacin Najeriya na daga cikin wuraren da raunin zuciya na bayan haihuwa ya fi yawa a duniya. Wadda ta san awonta tun tana gidan iyayenta ta fi kusa da kuɓuta.

Sai dai zuciyar da ta fi ba ni tsoro a wannan hidima ita ce ta iyaye. A shekarun da na yi ina karantarwa, ɗalibai da yawa sun kawo mini katin gayyata, kuma na lura cewa wanda ya fi ramewa kafin biki shi ne mahaifin amarya, dattijo mai shekara hamsin ko sittin da aka ɗora wa gado da kujeru da kayan kicin da gara, da kuma mahaifiyarta da ke kwana a tsaye a kan tukwane. Su ne shekarunsu suka kai na bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, su ne kuma suke mantawa da shan maganinsu saboda hidima. Yarinyar da ta tsaya kai da fata sai an yi mata kayan ɗaki irin na ƙawarta, ta sani cewa wani lokaci da lafiyar mahaifinta ake biyan kuɗin.

Na san wani zai ce, Malam, ai rai da ajali a hannun Allah suke. Haka ne, babu mai musun wannan. Amma Annabin da ya koya mana imani da ƙaddara shi ne ya umarce mu da neman magani, shi ne kuma ya hana Abdullahi ɗan Amru (R.A) yawan azumi da tsayuwar dare, ya tunatar da shi cewa jikinsa da idonsa da matarsa duk suna da haƙƙi a kansa. Idan ba a yarda mutum ya galabaitar da jikinsa saboda nafila ba, ta yaya za a yarda ya galabaitar da shi saboda anko? Wani kuma zai ce al'ada ce, idan aka rage za a yi da mutum. Ban raina al'ada ba, lefe da gara suna da fa'idarsu wajen ƙulla zumunci idan an yi su daidai ƙarfi, domin daidai ruwa daidai tsaki. Amma mu tuna Abdurrahman ɗan Aufu (R.A) an umarce shi da walima ne ko da da tunkiya guda, walimar auren Uwar Muminai Safiyya (R.A) kuwa da dabino da cuku da man shanu aka yi ta. Masu yi da mutum ba sa zuwa biyan kuɗin asibiti.

Saboda haka ga shawarata. Ranar da za ku je gwaji, ango da amarya ku nemi a auna jininku da sukarinku, ku kuma ja iyayenku su je a auna nasu. A yi kasafin biki a kan abin da ke hannu, a yanke duk wata hidimar da sai an ci bashi. A kiyaye barci. A motsa jiki minti 150 a mako, wato tafiyar sauri ta minti 30 a kwanaki biyar, kuma takawa zuwa masallaci mai ɗan nisa tana cikin lissafi. Gishiri kada ya kai giram 5 a rana, kwatankwacin ƙaramin cokalin shayi, tare da tuna cewa dunƙulen magi shi ma cike yake da gishiri. Kada a sha wani magani na gyaran jiki sai da sanin likita. Idan kuma a tsakiyar taro wani ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi, ciwon yana gangarawa hannu ko muƙamuƙi, ga gumi da sarƙewar numfashi, ko aka ga bakinsa ya karkace, hannunsa ya saki, maganarsa ta harɗe, to, a yi asibiti da shi nan take, a yi masa addu'a a kan hanya, kada a ce bari a sallami baƙi tukuna.

A aya ta 21 ta Suratur Rum, Allah Ya bayyana cewa Ya halitta mana abokan zama ne domin mu sami natsuwa, da soyayya da tausayi a tsakani. Biki kwana uku ne ko huɗu, zaman kuwa ana fatan na shekara arba'in ne ko hamsin, kuma da wannan zuciyar guda ɗaya za a yi shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa albarka a auren matasanmu, Ya saka wa iyayenmu da mafificin alheri, amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.