Raddi Ga Mai Auna Zumuntar Tsirrai Da Ƙidayar Kuromosom

Wani ɗan'uwa malami ya kafe a kan cewa adadin kuromosom, wato ƙunshin gadon da ke cikin ƙwayar halitta, shi ne shaidar zumunta tsakanin tsirrai masu fure. Allah ya ƙara masa sani, amma maganar tana da gyara.

Ya ce 'yan gida ɗaya dole ƙidayarsu ta zo ɗaya. Muka ce, ina ya ajiye alkama? Tun 1918 Sakamura, masanin Japan, ya ƙidaya ya samu wata tana da 14, ta taliya 28, ta burodi 42. Duka alkama ce, sai dai saitin bakwai-bakwai ne ya yi ta ninkuwa.

Ya ce daidaituwar ƙidaya alamar kusanci ce. To, shinkafa 24 gare ta, tumatir ma 24. Haɗuwarsu sai a tukunyar dafa-duka.

Hujjarsa mai nauyi ita ce alfadari: doki 64, jaki 62, ɗansu 63, ga shi ba ya haihuwa. Wannan gaskiya ne, har ma mu ƙara masa da ayaba, wadda saiti uku gare ta, 33, shi ya sa ba ta da ƙwallo. Amma illar ba daga yawa take ba, daga rashin abokin gami ne. Lokacin haɗa iri, kowane kuromosom sai ya sami takwaransa sun jeru bibbiyu. Idan barbarar tsiro ta ninka abin da ta gada gaba ɗaya, kowa ya sami nasa, haihuwa ta dawo. Haka gyaɗa ta samu a Kudancin Amurka: iyayenta biyu na daji 20-20, ita kuwa 40. Audugar da ake kai wa gidan gurza yau 52 ce, ta dā ta Afirka da Asiya 26. Da ninki na kashe iri, da Kano ba ta ga dalar gyaɗa ba.

Daga ƙarshe ya ce ai ba wanda ya taɓa gani da ido ninki ya haifar da sabon jinsi. An gani. A 1950 Marion Ownbey ya ba da rahoton sababbin jinsi biyu na ciyawar Tragopogon a gabashin jihar Washington, masu 24, alhali iyayensu 12-12 ne, kuma baƙi ne daga Turai da ba su daɗe da sauka yankin ba.