Ciwo ya tafi, amma gwiwa ba ta warke ba tukuna

Maganata yau a kan gwiwa ce, domin masu buga ƙwallo a Jega, Aliero da Maiyama, da kuma abokan da ke matsa wa mai rauni ya koma fili.

A tsakiyar gwiwa akwai jijiyar da likitoci ke kira ACL, mai riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri don kada su goce. Takan tsinke ko ba wanda ya taɓa ɗan wasa: ya dasa ƙafa, ya juya da sauri, sai ya ji ƙas, gwiwa ta kumbura. A yankinmu ɗori ake fara tunawa, Aliero kuwa ta yi suna a wannan sana'a. Sai dai ɗori na ƙashi ne. Wannan jijiya ko a hoton ƙashi ba ta fitowa, sai a na'urar MRI. Gwiwar da ke yawan gocewa bayan rauni likitan ƙashi take bukata, a Birnin Kebbi, ko asibitin koyarwa na Sakkwato, ko na Dala a Kano.

Idan ta kai ga tiyata, yawanci ba ɗinke tsohuwar ake yi ba. Ana ɗebo wata jijiya daga bayan cinya ko gaban gwiwa a dasa. Wannan dashe yakan yi rauni a watannin farko kafin jini ya ratsa shi ya yi ƙarfi. Ke nan a wata na uku ko na huɗu, sa'ad da saurayi ya ajiye sanda yana jin garau, jijiyar ba ta gama kamawa ba.

Shi ya sa nake cewa kada kowa ya buga wasa kafin wata 9. Binciken Delaware-Oslo na 2016 ya nuna cewa kowane wata guda da aka ƙara jira, har zuwa na tara, yana rage haɗarin sake rauni da kusan rabi. Ƙidayar watanni kaɗai ma ba ta isa ba. Sai gwiwa ta miƙe sarai, kumburi ya sace, ƙarfin cinyar ya kai kashi 90 cikin 100 na mai lafiyar, an kuma gwada tsalle da ƙafa ɗaya.

Virgil van Dijk ya ji wannan rauni a Oktoba 2020. Duk da kuɗi da likitocin Liverpool, bai sake wasa ba sai Yuli 2021. Ɗan ƙasarmu Victor Boniface sau biyu jijiyar tana tsinke masa a Bodø/Glimt ta Norway, amma a 2024 ya ɗaga kofin Bundesliga da Bayer Leverkusen.

Wani zai ce gashin ƙashi akwai tsada da nisa, shekaru kuma suna tafiya. Gaskiya ne. Amma yawancin atisayen a gida ake yi idan likitan gashi ya koya maka, kuma tiyata ta biyu ta fi kuɗin mota tsada.

A nan zumuntarmu take da aiki. Idan gasar Kirsimeti ta matso, kada kyaftin ya ce, "Shigo ko na minti goma ne." Minti goman nan na iya cinye masa shekara. Mu ba shi aikin tsara 'yan wasa daga gefe, mu haɗa masa kuɗin zuwa asibiti, wani ya riƙa zuwa yana ƙirga masa atisaye da yamma. Mai jinya ba ciwo kaɗai ke damunsa ba, har da ganin an manta da shi.

Kai kuma da ke jiran gwiwarka, fili yana nan, ba ya gudu. Ubangiji ya ba ka lafiya da haƙurin jira.