Ido Wa Ka Raina?

Hausawa na cewa, "Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe." A ganina wannan karin magana shi ne darasin farko ga mai son ɗaukar hoto a birnin Katsina. Yau da wuya ka sami matashin da ba shi da kyamara a aljihu, amma in ka leƙa wayoyinmu hotunan kusan iri ɗaya ne: fuskar mai waya, ango da amarya, sai dawakan Hawan Sallah a Ƙofar Soro. Na'ura ta wadata, lura ce ta yi mana ƙaranci.

Ɗauki Hasumiyar Gobarau, wadda tarihi ke dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Yawancin masu ɗaukarta da rana tsaka suke zuwa, su tsaya nesa, su danna, su wuce. A wannan lokaci haske daga bisa yake faɗowa, ya shafe fuskar gini, ya bar tulin ƙasa kawai. Koma can da la'asar sakaliya, lokacin da rana ta karkata tana dukan bango daga gefe. Nan za ka ga kowane tudu da kwari na yaɓen ya sami inuwarsa, har sawun hannun magini ya fito. Wanda ya gane haka ya fara koyon sana'ar, ko da tsohuwar waya ke hannunsa.

Bayan sanin haske, sai sanin abin da ya cancanci a ɗauka. Daga 1968, wani ɗan ƙasar nan, J.D. 'Okhai Ojeikere, ya duƙufa ɗaukar hoton kitson mata, abin da kowa ke gani a titi bai ɗauke shi komai ba. Ya tara kimanin hotuna 1,000, kuma yau manyan gidajen tarihi na duniya suna alfahari da su. Haka Malick Sidibé na Bamako: samari da 'yan matan garinsu ya ɗauka, kuma aikin ya kai shi ga babbar lambar yabo a Italiya a 2007.

Mu fa? Ganuwa tana zaizayewa, mafi yawan ƙofofinmu an sake su da siminti. Zaurukan azara masu zankwaye da zanen bango suna faɗuwa damina bayan damina, bulo da kwano na maye gurbinsu. Maƙera da dukawa da masu ɗinkin hula suna tsufa a rumfunansu. Muna marmarin tsofaffin hotunan Sarki Muhammadu Dikko da na ɗaliban Kwalejin Katsina, amma jikokinmu me za su gani na Katsinar yau? An ce gani ya kori ji. In ba mu bar musu hoto ba, da jin kawai za su tashi.

Sai dai sana'ar tana da ladabi. Kada a ɗauki mace ko almajiri ko mai neman taimako ba da yardarsa ba. A yi sallama, a gaisa, a nemi izini. Hoton da aka ɗauka da yarda ma ya fi kyau, don fuska tana sakewa.

Shawarata ga matasanmu ita ce kowa ya zaɓi lungu ɗaya a unguwarsu, ya riƙa zuwa da hantsi da la'asar har mako guda kafin ya ɗaga waya. In ya ɗauka, ya rubuta suna da wuri da rana, ya wanke mafi kyawu a takarda, domin waya tana ɓata.