Takobi da dariya: amsa ga masu raina finafinan samurai

A Matameye akwai malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu da suka ɗauka duk fim ɗin da aka zare takobi a cikinsa shirmen gidan bidiyo ne, balle a ce yana ba da dariya. Wannan hukuncin wanda bai kalla ba ne.

A dubi Samurai Bakwai, wanda Akira Kurosawa na Japan ya fitar a 1954. Ƴan fashi ne ke kwashe wa manoma amfanin gona, su kuma suka nemo mayaƙa, ladansu abinci kawai. Manomin Kance ba ya bukatar tafinta kafin ya gane wannan. Wanda ya fi ban dariya cikin mayaƙan, Kikuciyo, wanda Toshiro Mifune ya fito a matsayinsa, ɗan manoma ne mai ƙaryar asali. Amma daga bakinsa magana mafi ɗaci ta fito: samurai da kansu, da ƙone-ƙonensu da ƙwace, suka koya wa talaka ƙarya da ɓoye hatsi. Jarumi mai ɗaure fuska ba zai faɗi haka ba, sai wawan sarki.

Masu cewa wannan baƙon abu ne sun manta da Mustafa Alasan. A 1966, a Nijar, ya yi Le retour d'un aventurier: samarin ƙauye cikin kayan kaboyi, wasa ya rikiɗe ya zama ta'adi. Ɗalibai nawa a Matameye aka taɓa nuna wa shi, balle na Kurosawa?