Tsofaffin finafinan waƙa: Tsakanin kaset, faifai da waya, wane kwafi ne na gaskiya?

A Madakiya, kamar a Kafanchan da sauran garuruwan Kudancin Kaduna, mai son kallon tsohon fim na waƙa ya daina neman shagon hayar kaset. Wajen masu tura finafinai a waya yake nufa, ko kuwa ya leƙa YouTube. Da matashi ya kalli minti biyar na Sangaya ko Wasila, sai ya yanke hukuncin cewa finafinan da ba su da inganci, don fuskoki sun yi dishi-dishi, kiɗa kuma kamar daga cikin rijiya yake fitowa. Wannan hukunci bai yi wa masu finafinan adalci ba. Abin da ke cikin wayarsa tattaɓa-kunnen kwafi ne, wanda ya bi ta hannuwa da na'urori masu yawa, kowace ta ɓantari rabonta kafin ya iso gare shi.

Batun ya shafi wannan yanki fiye da yadda ake zato. Madakiya ƙasar Bajju ce, amma Hausa ce harshen kasuwa da na tasha, har ma da na majami'u da dama, musamman tun da Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa a 1927. Saboda haka finafinan Hausa da na Indiya sun shiga gidajen Kirista da na Musulmi ba tare da neman tafinta ba. Haka kuma, da irin waɗannan kasakasai da fayafayai aka adana waƙoƙin ƙungiyoyin zumuntar mata da bukukuwa irin su Afan na Kagoro. Duk abin da ya sami kaset ɗin Sangaya, shi ne zai sami waɗannan.

Kafin a kwatanta kwafi da kwafi, ya kamata a san yadda aka haife su. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, kan kaset ɗin bidiyo aka gina masana'antar finafinan Hausa. Lokacin da Sangaya na kamfanin Sarauniya ya fito a 1999, Wasila na Yakubu Lere ya biyo baya a 2000, waƙa ta riga ta zama jarin fim. Sai dai tsarin kasuwancin wancan zamani yana da wata ɗabi'a. Furodusa yakan miƙa kaset na asali, wanda 'yan sana'ar ke kira masta, ga 'yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, shi kuma ya sayar musu da kwalaye. Su ne za su sayi kaset marar komai su buga da na'urorinsu. Ke nan tun a makon farko fim ɗaya yana da inganci iri-iri, gwargwadon kyan na'urar ɗan kasuwa da kaset ɗin da ya saya. Wanda ya isa Kafanchan kuwa, ba mamaki an sake kwafar sa a hanya.

Kaset ɗin VHS yana nuna hoto mai layi kusan 240, kuma a na'urori masu araha sautinsa kan wani siririn gefen zare yake tafiya, shi ya sa ake jin huci a bayan murya. Babban aibinsa shi ne duk kwafin da aka yi daga kwafi sai ya rage wani abu: launi ya zarce iyakarsa, jan leshi ya malala kan fuska, ƙarar sarewa ta dushe. Amma yana da wata falala da ba a cika ambata ba. Idan kwafin farko ne, motsi yana tafiya sumul, mai rawa ya juya ba tare da hoton ya kakkarye ba.

Faifan VCD da ya gaje shi ya zo da akasin haka. Hotonsa ɗigo 352 ne a kwance da 288 a tsaye, kusan kashi ɗaya bisa huɗu na abin da DVD ke ɗauka. Idan jarumai na zaune suna zance, hoton yakan fito tas. Da an shiga rawa, mutum goma suna jujjuyawa a gaban furanni, sai ya farfashe ya koma 'yan murabba'ai, domin faifan ba shi da wurin ɗaukar motsi mai yawa a lokaci guda. Sautinsa kuwa ya fi na kaset ɗin gama-gari tsabta nesa ba kusa ba. Don haka mai neman rawa ya fi samun biyan buƙata a kaset mai kyau, mai neman waƙa kuma a faifai, muddin daga masta aka buga shi. Inda gizo ke saƙa shi ne, sau da yawa daga kaset ɗin shago aka juye tsofaffin finafinai zuwa faifai, sai aibi biyu suka haɗu wuri ɗaya.

Kwafin waya shi ne ƙarshen layi. An ciro shi daga faifai, an matse shi don ya shiga memori, an ɗora shi a intanet an sake matsewa, wani ya sauke ya manna tambarinsa da lambar wayarsa a tsakiyar allo. An kuma ja hoton ta gefe don ya cika allon zamani, har siririn saurayi ya koma gajere mai ƙiba. Mafi muni shi ne sauti, domin shi ma akan sadaukar da shi idan ana son rage nauyi, alhali a fim ɗin waƙa, sautin ne fim ɗin.

Finafinan Indiya, waɗanda Hausawa suka daɗe suna kallo a silima kafin zuwan kaset, sun gamu da nasu rauni. Ana ɗaukar fim ɗin silima da hoto 24 a daƙiƙa, amma tsarin talbijin na Nijeriya 25 yake nunawa. Sakamakon haka fim yana gudu da ƙarin kashi huɗu cikin ɗari: na awa uku ya rasa kusan minti bakwai, muryar Lata Mangeshkar kuma ta ɗan haura sama da yadda ta rera. Faifan VCD bai wuce minti 74 zuwa 80 ba, don haka mai son cusa dogon fim cikin faifai biyu sai ya datse, kuma waƙa ce ke fara shan almakashi. Masu faɗin allo kuma an gutsure musu gefe da gefe, rabin 'yan rawa suka ɓace.

Wani zai ce ai maganin mai sauƙi ne, tunda yanzu akwai manhajojin da ke goge hoto ya yi ƙyalli. A nan ne ake buƙatar hattara. A 2004 an sake fitar da Mughal-e-Azam na 1960 da launi daga farko har ƙarshe, alhali yawancinsa baƙi da fari K. Asif ya ɗauke shi. An sake buga kiɗan da sababbin makaɗa, aka bar muryoyin asali, aka kuma rage tsawonsa. Jama'a sun yi tururuwa, kuma aikin ya sa matasa sun san Dilip Kumar da Madhubala. Duk da haka, wanda ya ga na 2004 kaɗai bai ga hasken da inuwar da aka tsara a 1960 ba. Indiya ta yi sa'a, domin na asalin yana nan ga mai son kwatantawa. Fim ɗin Hausa da aka bi da manhaja aka shafe fuskar jarumarsa ta koma kamar ta 'yar tsana, sannan aka jefar da kaset, ya tafi ke nan.

Saboda haka ma'aunin kwafi mai kyau guda uku ne. Na farko, kusancinsa da masta: hannu nawa ya bi? Na biyu, cikarsa: waƙoƙin duka suna nan, siffar hoton kuma yadda aka ɗauka take? Na uku, sautinsa: ana rarrabe murya da fiyano da amshi, ko duk sun dunƙule? Ƙyalli ba ya cikin lissafi. Kwafi mai ɗan duhu da ya cika waɗannan ya fi mai sheƙi da aka yi wa kwaskwarima.

Akwai hujjar cewa ceto yana yiwuwa. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya salwanta. A 2016 aka gano zarensa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Sai dai zaren silima ya fi kaset juriya. Kaset yana tsoron zafi da laima, kuma damina irin ta Kudancin Kaduna tana sa masa fumfuna har zaren ya manne. Ga shi kuma kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar kaset ɗin bidiyo, ya rufe wannan layi a 2016. Ko kaset ya tsira, na'urar kunna shi tana ƙarewa.

Masu suka za su ce finafinan rawa da waƙa kwaikwayon Indiya ne, ba su cancanci a kashe musu kuɗin jama'a ba. Muhawarar tsohuwa ce, kuma kowa na da 'yancin ra'ayinsa. Amma ma'ajiya ba kotu ba ce. A cikin waɗannan kasakasai akwai suturar mutane da karin harshensu da titunan Kano da Kaduna da Jos na shekaru 25 da suka wuce. A cikinsu za a sake ganin Ahmad S. Nuhu, wanda ya rasu a 2007, da Hauwa Ali Dodo a 2010, da Rabilu Musa Ibro a 2014, suna motsi suna magana. Ko mai son ya soki wancan zamani yana buƙatar ya gan shi yadda yake.

Aikin da ke gaba bai fi ƙarfin hukumomi ba. Ma'ajiyar finafinai ta ƙasa tana Jos, tafiyar 'yan sa'o'i daga Kafanchan. Ya kamata ta yi shelar neman masta daga furodusoshi da magadansu da tsofaffin 'yan kasuwa, ta juye kowanne sau ɗaya ba tare da matsewa ko kwalliya ba, ta mayar wa mai shi da kayansa da haƙƙinsa. Hukumar tace finafinai ta ƙasa da aka kafa a 1993, da ta Jihar Kano da ta zo a 2001, su duba rumbunansu, tunda ta gabansu finafinan suka bi kafin shiga kasuwa. Majami'u da ƙungiyoyin al'adu na Kudancin Kaduna su yi haka da nasu kasakasan. Shi kuma magidancin da ke da buhun tsofaffin kaset a ƙarƙashin gado, ya fito da su ya jera a tsaye a wuri busasshe, kada ya zubar don kawai ya ga fim ɗin a waya. Ta yiwu wanda ke hannunsa ne kwafi mafi kusa da asali da ya rage. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai idan ba a bari ƙudan shekaru sun lashe ta ba.