Harbin bindiga a muƙamuƙi: Wane aiki likitoci ke yi, kuma wa zai biya wa ma'aikacin masana'anta a Kano?

Ranar 20 ga Janairun 2012, lokacin da 'yan Boko Haram suka kai hari hedikwatar 'yan sanda da ke Bompai da wasu wurare a Kano, an kashe mutum sama da 180. Adadin mamata shi ne ya fi zama a bakin jama'a, waɗanda suka rayu da raunin harsashi kuwa ba a cika waiwayar su ba.

Yau barazanar ta sauya kama. 'Yan fashi da ɓarayin kayan aiki ne abin fargabar masu gadi da direbobi da ma'aikatan dare a Sharaɗa da Chalawa da Bompai. Daga cikin raunukan da irin wannan hari ke bari, karayar muƙamuƙi na cikin mafiya wuyar sha'ani, domin da shi ake tauna, da shi ake magana, kuma shi ke riƙe da harshe.

Numfashi kafin ƙashi

Idan harsashi ya farfasa muƙamuƙin ƙasa, harshe na iya zamewa baya ya toshe maƙogwaro, jini da gutsattsarin haƙora su bi bayansa. Don haka likita ba da ƙashi yake farawa ba. Sai ya tabbatar iska na shiga, wani lokaci ta hanyar huda maƙogwaro a sa bututu, sannan ya tsayar da jini.

Wannan ya shafi abokan aiki da ke ɗaukar mai rauni. Kwantar da shi rigingine a bayan a-daidaita-sahu na iya kashe shi kafin a isa asibiti. In yana cikin hayyacinsa, gara ya zauna ya sunkuyar da kai gaba, ko a kwantar da shi ta gefe, a danne inda jini ke fita da tsumma mai tsabta.

Hanyoyin aikin

Bayan an wanke raunin an cire naman da ya mutu, hoto ne ke nuna girman ɓarnar. Bindigar toka takan watsa ƙananan ƙarafa a fuska, harsashin AK-47 kuwa yakan niƙe ƙashi, har ya lalata naman da bai taɓa ba.

Hanya ta farko ita ce ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya, baki ya zauna a rufe kimanin mako 4 zuwa 6. Ta fi araha, amma mutum ba zai ci komai ba sai mai ruwa-ruwa kamar kunu da koko da romo, kuma yakan rame.

Ta biyu ita ce a buɗe wurin a haɗa ƙasusuwan da siraran farantan ƙarfen titanium da ƙananan kusoshi. Marar lafiya kan buɗe baki da wuri, sai dai ƙarafan daga waje ake shigo da su, kuma faɗuwar darajar naira tun 2023 ta ƙara musu tsada.

Idan ƙashin ya yi raga-raga ko raunin ya ƙazantu, akan kafa sandunan ƙarfe ta waje su riƙe shi har wurin ya lafa.

Inda harsashi ya tafi da wani sashe gaba ɗaya, sai an yi ciko. Akan ɗebo ƙashi daga ƙugu ko haƙarƙari. In gibin babba ne, akan ciro siririn ƙashin gefen ƙwauri tare da jijiyoyin jininsa a dasa a fuska, dabarar da likitan Amurka David Hidalgo ya bayyana a 1989. Aiki ne na sa'o'i masu yawa da ke buƙatar ƙwararru da na'urar hangen ƙananan jijiyoyi.

A Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na da sashen tiyatar baki da fuska. Mai ɗorin gargajiya ba shi da ta cewa a nan. Ƙashin da ya haɗe a karkace yakan hana haƙora haɗuwa, raunin da yawu ke kwarara a ciki kuma yakan ruɓe, daga baya sai an sake karyawa a gyara.

Abin da doka ta ce

Yawancin jinkiri daga tsoron 'yan sanda da rashin kuɗi yake fitowa. Alhali dokar kula da waɗanda aka harba ta 2017, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi mai raunin harbi ko babu rahoton 'yan sanda, ko ba a biya kuɗin farko ba. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda bayan an fara magani. A Oktoban 2023, Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sake umartar a yi aiki da ita.

Sai dai dokar ta fi ƙarfi a kan ceton rai. Farantan ƙarfe da dashen ƙashi da haƙoran roba, waɗanda kan ja watanni, lissafi ne na daban.

A nan dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ke shigowa. Ta ɗora wa mai kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, domin a kula da wanda ya ji rauni a bakin aiki, har da na wucin gadi. Matsalar ita ce masu gadi da leburori da dama ta hannun 'yan kwangila ake ɗaukar su, babu takardar ɗaukar aiki. Ranar da abin ya faru, kamfani ya nuna ɗan kwangila, ɗan kwangila ya nuna kamfani, iyalin mutum su shiga neman taimako a masallatai da gidajen rediyo.

Sakamakon haka, zaɓin aikin da za a yi wa ma'aikaci yakan dogara da abin da ke aljihun danginsa fiye da abin da hoto ya nuna. Ƙungiyar masu masana'antu da ƙungiyoyin ƙwadago a Kano na da abin yi tun kafin a ji ƙarar harbi: kowane mai gadi ya kasance cikin rajistar NSITF, kowace masana'anta ta san asibitin da za ta nufa da dare, kuma a koya wa masu aikin dare yadda ake ɗaukar wanda aka harba a fuska.